Akwatunan Wuta Uku a Ƙofar Sauri

Ranar Litinin da safe aka gane an yi ɓarna a shagon kwamfuta na Alhaji Sa'idu da ke Ƙofar Sauri. Shekara biyu ke nan da soja suka koma bariki, gari ya cika da 'yan siyasa, kowa da takardar da yake so a buga masa. Shi ya sa Alhaji ya je har Legas ya sayo sababbin kwamfutoci uku, ko wata guda ba su yi a shagon ba. Ranar Asabar lafiya lau aka kashe su. Ranar Litinin Lami, mai buga takardu, ta danna ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ta uku fankarta ta juya sau ɗaya ta tsaya.

Aka kira Muttaka, mai gyaran shagon. Ya kwance murfin ta farko, ya leƙa, ya kwance na sauran, sannan ya miƙe jikinsa a sanyaye.

"Alhaji, an canja akwatunan wutar. Waɗannan tsofaffi ne."

Akwatin wuta wani ɗan akwatin ƙarfe ne a cikin kwamfuta, da fanka a bayansa. Shi ke karɓar wutar bango ya rarraba wa sauran kayan. An cire sababbi uku, an sa tsofaffi uku, an jona wayoyi, an ɗaure kowace kusa yadda take. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Makulli kuwa biyu ne kawai: ɗaya gidan Alhaji, ɗaya aljihun Muttaka.

Kafin azahar ƙofar shago ta cika. Mai shayi ya baro shayinsa, 'yan acaɓa sun jera babura, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Wa ya iya kwance ta in ba shi ba? Wa ke da makulli? Ai shi ya fara faɗa don kada a ce shi ne. Malam Sammani, wan matar Alhaji, wanda ya yi shekaru yana akawu a zamanin soja kafin ya ajiye aiki, yana tsaye gefe yana girgiza kai. Da la'asar 'yan sanda suka tafi da Muttaka. Alhaji ya rantse ranar Alhamis sai kotu.

*

Babaji, Allah ya jiƙansa, bai taɓa taɓa kwamfuta da hannunsa ba. Bafulatani ne mai bin sawu, ya zauna Ƙofar Guga tun da shanunsa suka ragu. In an kore wa mutum saniya, shi ake zuwa nema, ya bi ta kan tsandauri da fadama har ya tsaya ƙofar inda take. Hajjo, matar Muttaka, 'yarsa ce ta fari, don haka ko sunanta ba ya faɗa, ba ya kuma sake mata fuska gaban mutane.

Ranar Talata da sassafe ta same shi yana ba tunkiyarsa harawa. Ta durƙusa nesa kaɗan. Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon tunkiya. Ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi maƙwabta. Sai da gaisuwa ta ƙare sannan muryarta ta karye.

"Baffa, jibi za su kai shi kotu. In aka kira shi ɓarawo gaban alƙali, ko an sake shi wa zai ƙara ba shi makullin shago a garin nan?"

"Na ji," in ji Babaji.

"Wallahi Baffa ranar Lahadi yana gida, rufin ɗaki yake gyarawa."

"Na ce na ji. Tashi ki tahi."

Ta tafi tana share ido da gefen mayafi. Bai bi ta da kallo ba. Amma harawar da ke hannunsa ya zubar gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki sandarsa da malafa ya fita ko koko bai sha ba.

*

Alhaji Sa'idu ya karɓe shi da mutunci, amma fuska a murtuke.

"Malam Babaji, na san surukinka ne. Ni ma ban so haka ba. Amma wannan ba satar shanu ba ce. Siminti ne ƙasan, kuma an share."

"A bar ni in duba dai, Alhaji."

Bai tsaya cikin shagon ba, ya zagaya baya. Akwai wata ƙaramar ƙofa da ke fita wani lungu, inda ake ajiye janareta. An yi ruwa ranar Lahadi da hantsi, tun daga nan ba a ƙara ba, kuma ba kowa ke bin lungun ba. Babaji ya tsuguna. Ya daɗe har Alhaji ya fara duba agogo.

Sawu biyu ya gani bayan ruwan. Na babur, tayar baya da faci, ya zo har bakin ƙofa ya juya. Da kuma na keke. Ya bi na keken da sauri, yana tafe yana sunkuye, har bakin kwalta, nan ya ɓace cikin na motoci. Ya tsaya yana cije leɓe. Rabin Katsina keke suke hawa. Muttaka ma keke yake hawa.

Ya dawo ya tambayi Lami, wadda ke zaune gaban matattun kwamfutoci ta rasa abin yi.

"'Yan mata, wa ya shigo nan ranar Lahadi?"

"Babu kowa, Baba. Lahadi ba mu buɗewa."

"Alhaji, makullinka fa? Wa ke taɓa shi?"

"Shina rataye ɗakin Hajiya. Babu mai taɓa shi."

"Babu kowa?"

"Babu kowa, sai na gida."

Ana cikin haka Malam Sammani ya shigo, da farar riga da biro biyu a aljihu. Suka gaisa sosai, har da tambayar tunkiya. Babaji ya ce shi jahili ne a wannan fanni, a taimake shi: me ya sa kwamfutocin suka ƙi tashi, tunda an sa masu wasu akwatunan?

Malam Sammani ya gyara tsayuwa. "Abin da ni ma ya ɗaure mini kai ke nan. Mu muka fara taɓa kwamfuta a ofis tun yaran nan suna firamare. Wuta ai wuta ce, akwati kuma akwati ne. Da ya jona daidai da sun tashi. Wataƙila garin sauri ya ƙona wani abu."

Babaji ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya fita neman babur mai faci.

*

Bai sha wahala ba. A bakin titi, cikin 'yan acaɓa, ya tsaya bayan wani jan babur ya sa sanda a kan tayar.

"Na wane ne wannan?"

Lado ya taso, wani siririn saurayi da ya baro ƙauye shekara uku da suka wuce. Abokansa suka fara shewa.

"Lado, ka sato saniya ke nan!"

"A babur ya ɗauko ta, har da ɗan maraƙi!"

Lado bai yi dariya ba. Gumi ya keto masa. "Baba, na rantse da Allah, fetur na kai. Jarka biyu na janareta. Duk Lahadi nike kaiwa in aje bayan ƙofa. Ko ciki ban leƙa ba. Don Allah kada a sa ni cikin maganar nan, ba ni da kowa a birni."

"Ka ga wani?"

"Ko akuya ban gani ba."

Babaji ya riga ya sani. Sawun baburin ya nutse sosai wajen zuwa, wajen komawa kuwa sama-sama yake. Ya zo da kaya ya koma wayam. Wanda ya yi wannan aiki kuwa da kaya ya zo, da kaya ya koma, nauyi ɗaya. Sawun keken ne haka. Ya ce wa Lado ya zo shago gobe bayan la'asar, ya wuce. Rana ta riga ta take, rabin yini ya tafi, ba shi da komai a hannu sai keken da ya ɓace a kwalta.

*

Zuwa wurin Muttaka shi ne abin da ya fi yi masa nauyi. Tun da aka yi auren ba su taɓa haɗa ido ba, ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba. In ɗaya ya hango ɗaya a hanya, sai ya ratse. Yau ga su a barandar ofishin 'yan sanda, wani kofur ya fito da Muttaka ya koma gefe. Muttaka ya cire takalmi ya tsuguna, kansa a ƙasa. Babaji ya zauna a benci ya juya masa kafaɗa, yana kallon wata bishiyar darbejiya.

Suka gaisa kamar babu abin da ya faru. Sannan Babaji ya yi magana, kamar da bishiyar yake.

"An ce akwati akwati ne. An ce da an jona daidai da sun tashi."

"Ba haka ba ne, Baffa." Nan maganar sana'ar Muttaka ta rinjayi kunyarsa. "Da can haka ne. Amma masu ƙera su sun canja ƙa'ida. Sababbin nan ƙwaƙwalwarsu ta fi cin wuta nesa ba kusa ba. Tsohon akwati ƙarfin wutarsa wat ɗari biyu ne, su kuwa sai ɗari uku. Kuma ba yawan kaɗai ba. Da a jan waya ƙarfin yake, yanzu an mai da shi wayar ruwan ɗorawa. Sai aka ƙara wa sabon akwati wani ɗan kai mai rami huɗu, waya biyu ruwan ɗorawa, biyu baƙaƙe. Shi ke shayar da ƙwaƙwalwar ita kaɗai. Tsohon akwati ba shi da shi. Ko shekara za a yi ana dannawa ba za ta tashi ba."

"Sabon fa, in aka sa shi a tsohuwa?"

"Zai yi aiki lafiya lau. Sai dai ɗan kan nan ya yi ta reto, don babu inda za a soka shi."

"Wa ya san wannan a Katsina?"

"Ba mu da yawa. Ni ma takardar da ta zo cikin kwalin na zauna na karanta. Na faɗa a shago ranar da aka kawo su, aka ce surutun yara ne."

Babaji ya murza sandarsa. Ya tuna wata sata da ya taɓa bi a daji. Ɓarawon bai kore saniya ya gudu ba. Ya kwance lafiyayya ya ɗaure ramammiya mai irin launinta a turken, don in mai garke ya ƙirga ya ga sun cika. Mai irin wannan sata ba baƙo ba ne, kuma ba ya shirin gudu. Yana so ne kada a taɓa ganewa. Wanda ya zauna ya jona kowace waya, ya ɗaure kowace kusa, ya yi imani ranar Litinin kwamfutocin za su tashi. Mutumin da ke tsugune gabansa kuwa ya san ba za su tashi ba.

Ya miƙe. "Ana ba ka abinci?"

"Ana kawowa daga gida."

"To, a riƙa ci."

*

Sanin wanda bai yi ba daban, nuna wanda ya yi daban. Ranar Laraba tun da safe Babaji yana ƙofar shago kafin a buɗe, yana kai da komo. 'Yan sanda sun tafi da tsohon akwati ɗaya, biyu suna nan cikin kwali. Ya roƙi Lami ta ba shi su, da farar takarda guda.

An goge bayansu tas da tsumma, har suna ƙyalli. Ya juya ɗaya, ya kai ido kan ragar fankar. Can ciki, a jikin fukafukan, wani abu ya daskare.

"Wannan fankar mi take yi?"

"Iska take ja, Baba, don kada ya yi zafi."

"Kullum?"

"Muddin tana kunne."

Ya kifa akwatin a kan takardar ya bubbuga shi da tafin hannu. Wani gari ya zubo, ba ja irin ƙasar Katsina ba, fari-fari mai ɗan ruwan toka. Ya murza a yatsa. Ya shinshina, atishawa ta kama shi har sau biyu. Ya ɗan lasa. Ya bubbuga na biyun, shi ma haka.

Dusar gero ce, da garin barkono.

Lami ta ce daga baya, ba ta taɓa ganin tsoho ya tashi da sauri haka ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya fita.

Injin niƙa ba ɗaya ba ne a Katsina. Ya fara da na kusa, ya bi unguwa-unguwa a ƙasa, yana tsayawa kowace ƙofa ya dubi maƙwabtanta. Wannan kusa da tela yake. Wancan kusa da mai faci. Wani hatsi kawai yake niƙawa, ba ya karɓar yaji. Azahar ta same shi a hanya, ya yi salla a wani masallacin bakin titi ya ci gaba, ƙafafunsa na zafi, yana lissafin sa'o'in da suka rage. Sai da ya zagayo har Ƙofar Guga, unguwarsa, inda yake wucewa kullum bai taɓa kula ba. Injin Mati, mata sun jera kwanuka, na gero daban na yaji daban. Bango ɗaya ya raba shi da wani ɗan shago mai labule, an rubuta ana buga takardu. Keke na jingine a ƙofar, da kwando a baya.

Babaji bai dubi shagon sau biyu ba. Ya shiga wurin Mati, wanda ya yi fari fat har gira. Suka gaisa da ƙarfi saboda ƙarar inji.

"Kai da maƙwabcinka lafiya dai?"

Mati ya yi dariya. "Malam Sammani? Ai kwana ukun nan na huta! Da kullum sai ya shigo shina faɗa, wai dusata ta toshe mashi injuna, suna zafi suna mutuwa ana tsakiyar aiki. Na ce Malam, ni ka tarar nan. To tun Litinin shiru. Halan ya samo magani."

"Halan," in ji Babaji.

Da ya fito ya ɗan tsaya bayan keken, ya dubi tayar da kyau, ya wuce.

*

Bayan la'asar aka taru a shagon Alhaji. Da ƙyar Alhaji ya yarda ya roƙi a zo da Muttaka, kofur ɗin nan ya rako shi. Ga Lami, ga Lado a raɓe jikin ƙofa kamar zai ruga, ga Malam Sammani a kujera kusa da Alhaji, don Babaji ya ce ana bukatar wanda ya san kwamfuta. Mutane sun cika waje suna leƙe.

Babaji ya zauna a ƙasa, ya ajiye sandarsa.

"Ni ban yi boko ba, a yi mini haƙuri. Lado, kai fetur ka kawo. Ka zo da nauyi ka koma babu. Ba ruwanka."

Lado ya sulale ya zauna yana hamdala.

"Wanda ya yi aikin nan a keke ya zo. Bai fasa ƙofa ba, da makulli ya buɗe. Kuma bai yi niyyar kashe wa Alhaji kasuwa ba. Ya ɗauka in ya sa tsoho wurin sabo, komai zai tashi, babu mai sani har abada. Malam Sammani, jiya ka ce mini da an jona daidai da sun tashi. Haka ne?"

"Haka na ce."

"Kai kuma," bai dubi Muttaka ba, "faɗa masu abin da ka faɗa mini."

Muttaka ya faɗa, kansa a sunkuye: canjin ƙa'ida, yawan wutar da sababbin ke ci, da ɗan kai mai rami huɗu. Ya nuna cikin kwamfutar da ke buɗe, ga ramin nan kusa da ƙwaƙwalwar, babu komai a ciki. Alhaji ya sa tabarau ya leƙa. Kofur ma ya leƙa.

"To kun gani," in ji Babaji. "Wanda ya san wannan ba zai ɓata lokacinsa shina jona waya ba. Sai ya kwashe ya tahi. Wanda ya yi, ya iya aikin, amma iyawar da."

Ya zaro takardar ya warware ta a kan tebur.

"Wannan daga cikin tsofaffin akwatunan ya fito. An goge bayansu, an manta cikinsu. Shekara da shekaru suna shaƙar iskar inda suke zaune. Alhaji, shinshina."

Alhaji ya kai hanci, atishawa ta kama shi. Wani a waje ya yi dariya, aka ce masa ya yi shiru.

"Gero da barkono. Na zaga injinan niƙa tun safe. Guda ɗaya na gani da ke bango ɗaya da shagon kwamfuta."

Alhaji ya cire tabarau a hankali. Bai juya ya dubi na kusa da shi ba, amma wuyansa ya ƙage.

Babaji ya ci gaba. "Jiya na tambaye ka wa ke taɓa makullinka, ka ce babu kowa sai na gida. Ban ga laifinka ba. Ni ma da aka tambaye ni haka zan ce."

Malam Sammani ya yi wata 'yar dariya. "Yanzu saboda dusa za a ci mini mutunci? Ni? Gidan ƙanwata ne, in na shiga ɗakinta sai a ce makulli na ɗauka?"

"Ban ce ba. Mu tahi can gaba ɗaya a buɗe guda. In babu komai, ni zan tsaya bakin titi in ba ka haƙuri gaban kowa." Babaji ya ɗan karkata kai wajen Muttaka. "In sababbin suna can, mi za a gani?"

"Za a ga ɗan kan nan yana reto, Baffa. Waya huɗu, babu inda aka soka shi."

Malam Sammani ya dubi ramin da babu komai a cikin kwamfutar Alhaji, ya daɗe yana dubansa. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ƙarama, kamar shi kaɗai yake wa.

"Ashe nan take shiga. Ni na ɗauka ta ajiya ce. Har na naɗe ta na ɗaure da zare."

Salati ya tashi a waje.

"Aro na yi, Alhaji," in ji shi da sauri. "Wallahi aro. Nawa suna mutuwa, aikin mutane na hannuna. Na ce naka sababbi ne, suna da ƙarfi, za su jure da tsofaffin kafin in samu wasu in mayar. Ban san an canja ba. Babu wanda ya gaya mini an canja."

"An faɗa a gabanka, Malam," in ji Lami, ita da ba ta cika magana ba. "Kai ka ce surutun yara ne."

Babaji ya ninke takardarsa. "Aron ba shi ya dame ni ba, wannan tsakaninku ne. Ranar Litinin kana tsaye nan aka tahi da shi. Jiya kuma ka ce mini shi ya ƙona."



*

Alhaji ya jawo Babaji gefe, yana share gumi da hularsa. Ya ce abin ya zama na cikin gida, wan Hajiya ne, a rufa asiri. Zai janye ƙara yanzu-yanzu, Muttaka ya koma aikinsa, kuma duk abin da Babaji yake so na wahalarsa ya faɗa.

"Ba ni son komai. Sunan wancan kuma ba sai ka faɗa ba, duk sun ji. Amma a ƙofar nan aka kira shi ɓarawo. A ƙofar nan nike so ka ce ba shi ba ne. Da bakinka."

Alhaji ya fita ya tsaya kan dakali, gaban mai shayi da 'yan acaɓa da duk wanda ya taru, ya ce Muttaka bai ɗaukar masa ko kusa ɗaya ba, shi ne ya yi gaggawa, yana neman gafararsa. Ya karɓi makullin daga hannun kofur ya damƙa wa Muttaka kowa na gani. 'Yan acaɓan da suka fi kowa zaginsa ranar Litinin su suka fi kowa tafi.

Kafin magariba an ɗauko akwatunan daga Ƙofar Guga, kowanne da ɗan kansa a naɗe da baƙin zare. Muttaka ya warware, ya soka kowanne a raminsa. Lami ta danna, dukkansu uku suka tashi.

Babaji bai tsaya gani ba. Yana ɗaukar malafarsa Muttaka ya biyo shi waje ya zube gabansa, ya fara, "Baffa, ban san da bakin da…"

Babaji ya ratse shi kamar yadda ya saba, yana kallon titi.

"A ce wa mutanen gidan can su ci abinci. An ce kwana uku ba su ci ba."

Babu wanda ya gaya masa haka. Tun ranar Talata da Hajjo ta zo ya gani a tafiyarta.

Damina biyu bayan nan Babaji ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Har ya koma ga Allah bai taɓa ta da maganar ba, bai kuma taɓa kiran Hajjo da sunanta ba. Da aka zo raba 'yan kayansa, a cikin jakar fatar da yake ajiye carbi da wuƙar aski aka sami wata farar takarda a ninke. Matan gida suka ɗauka magani ne. Hajjo ta warware, ta kai hanci, atishawa ta kama ta. Ta ce a bar mata wannan, sauran a raba.